Tarihin Tallafin Haya a Birnin Niyok

Birnin Niyok na ƙasar Amurka gari ne na 'yan haya, domin kimanin kashi biyu cikin uku na iyalan da ke zaune a cikinsa ba su mallaki ɗakunan da suke kwana a ciki ba, kuma da yake haya a can wata-wata ake biyanta, saɓanin yadda aka saba a biranen Nijeriya inda ake biyan ta shekara gaba ɗaya, talakan birnin yakan fuskanci ranar biya sau goma sha biyu a kowace shekara. Wanda ya gaza, mai gida yakan maka shi a kotu, idan kuma hukunci ya hau kansa sai a fitar da shi da kayansa. Tallafin haya, wato kuɗin da hukuma take biyan mai gida a madadin ɗan hayar da samunsa bai kai ba, an ƙirƙiro shi ne domin a tare wannan musiba kafin ta kai ga kwana a titi, kuma a yau gwamnatin birnin tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara a kan nata shirin kaɗai, ban da na gwamnatin tarayya. Sai dai duk wanda ya bi diddigin tarihin zai tarar cewa birnin ya shiga wannan hidima ne ala tilas, bayan kotuna sun ɗora masa nauyin samar wa duk marar makwanci wurin kwana, har lissafi ya nuna masa cewa biya wa iyali haya ya fi masa araha a kan ci gaba da riƙe su a mafaka.

A ƙarni na goma sha tara, lokacin da baƙi daga Ailan da Jamus, sannan daga Italiya da gabashin Turai, suka yi ta kwarara zuwa tsibirin Manhattan, babu wani abu mai kama da tallafin haya, kuma tunanin zamanin shi ne cewa ciniki tsakanin mai gida da ɗan haya ba hurumin gwamnati ba ne. Talakawa sun cunkushe a cikin wasu benaye masu hawa biyar ko shida da ake kira tenemen, waɗanda ake ginawa a kan fili mai faɗin ƙafa 25 da tsawon ƙafa 100, a raba kowane hawa gida huɗu, har ya zamana ɗakunan tsakiya ba su da taga ko guda, ga banɗaki a bayan gida wanda iyalai da yawa suke tarayya a kansa. Zuwa shekarar 1900 mutane kimanin miliyan 2.3 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje. An yi dokokin gyara a 1867 da 1879 da 1901, kuma hotunan da ɗan jarida Jacob Riis ya wallafa a 1890 sun taimaka wajen tayar da hankalin masu hali, amma dokokin duka sun tsaya ne a kan gini, wato taga da iska da ruwa da matakalar tsira daga gobara, ba su taɓa farashin haya ba.

Akwai wata al'ada da ta daɗe a birnin wadda take nuna matsayin ɗan haya a wancan zamani. Kusan dukkan yarjejeniyoyin haya sukan ƙare ne a rana guda, wato 1 ga Mayu, masu gidaje kuma sukan sanar da sabon farashi tun farkon Fabrairu, saboda haka idan ranar ta zo sai tituna su cika maƙil da amalanke da keken doki ɗauke da gadaje da tukwane, masu dakon kaya su tsawwala kuɗinsu, dubban iyalai kuma su yi ƙaura a lokaci ɗaya zuwa inda ya fi rahusa. Martanin farko na talakawa shi ne yajin biyan haya. An yi shi a 1904, aka sake a ƙarshen 1907 a unguwar Lower East Side, inda matan Yahudawa baƙin haure suka ja ragama, cikinsu har da Pauline Newman, wata budurwa mai aikin ɗinki a masana'anta, iyalai kimanin 10,000 suka riƙe kuɗinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ƙarancin gidaje ya tsananta, majalisar jihar Niyok ta yi dokokin gaggawa a 1920 waɗanda suka ba alƙalai ikon duba ko ƙarin haya ya wuce hankali, suka kuma ci gaba da aiki har 1929.

Durƙushewar tattalin arziki da ta faro a ƙarshen wannan shekara ta 1929 ita ce ta mayar da korar 'yan haya abin da ake gani da ido a kowace unguwa. Mai zartar da hukuncin kora a Niyok shi ne mashal, wani jami'i da magajin gari yake naɗawa amma ba ya karɓar albashi daga hukuma, yana samun kuɗinsa ne daga ladan aikin da ya yi. Mashal yakan zo da leburori su sauko da gado da katifa da teburi su jibge a bakin hanya, uwa ta zauna a kan ƙunshin kaya tana gadi, yara na tsaye a gefenta, ko da kuwa ƙanƙara ake yi. A unguwannin Bronx da Harlem da Brooklyn, ƙungiyoyin marasa aikin yi, waɗanda 'yan gurguzu suka fi tasiri a cikinsu, sukan tara maƙwabta su kinkimi kayan su mayar da su sama da zarar mashal ya ba da baya, kuma a 1932 an yi arangama sau da yawa da 'yan sanda a Bronx a kan haka. Gwamna Franklin Roosevelt ya kafa hukumar agajin gaggawa ta jiha a 1931, birnin kuma ya buɗe ofishin agajin gida wanda yake raba takardun abinci da na makamashin ɗumama ɗaki da wani abu na haya. Wannan shi ne karo na farko da kuɗin gwamnati ya shiga hannun masu gidaje masu yawa a madadin talaka, ko da yake agaji ne na wucin gadi wanda bai taka kara ya karya ba.

A cikin waɗannan shekaru ne aka tafka muhawarar da har yau ba a gama ta ba. Ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta ba da shawarar a riƙa ba talaka takardar shaidar haya ya je ya nemi ɗaki a kasuwa, gwamnati ta cika masa kuɗin, domin dillalan ba sa son hukuma ta zama abokiyar gasarsu a harkar gini. Masu fafutukar gyara kuwa, irin su Catherine Bauer, sun ƙi wannan shawara, hujjarsu ita ce kuɗin zai zube ne a aljihun masu ruɓaɓɓun gidaje ba tare da an ƙara ɗaki ko ɗaya ba. Masu son gini ne suka yi rinjaye a wancan karo. A 1934, a ƙarƙashin magajin gari Fiorello La Guardia, an kafa hukumar gidaje ta birnin, wadda ta buɗe rukuninta na farko mai gidaje 122 a 1935, sannan a 1937 majalisar tarayya ta zartar da dokar gidaje wadda Sanata Robert Wagner na jihar ya ɗauki nauyinta. Hukumar ta ci gaba da gini har ta kai ga mallakar gidaje fiye da 170,000, adadin da babu wani birni a Amurka da ya kusance shi. Abubuwa biyu kuma sun faru a wannan tsakani waɗanda tasirinsu ya bayyana daga baya: a 1938 an shigar da wani sashe a kundin tsarin mulkin jihar wanda ya mayar da kula da mabuƙata wajibi a kan hukuma, a 1943 kuma gwamnatin tarayya ta ƙayyade farashin haya a birnin saboda yaƙi, tsarin da jiha ta gada a 1950, aka ƙara masa wani reshe a 1969, har ya zamana a yau gidaje kimanin miliyan ɗaya ba a ƙara musu haya sai gwargwadon abin da wani kwamiti ya amince.

Ƙarshen shekarun 1960 ya zo da sanyin jiki game da gidajen gwamnati a faɗin ƙasar. Kuɗin kula da su ya ƙaru, hukumomi suka riƙa ɗora shi a kan mazauna, har Sanata Edward Brooke ya kawo gyaran doka a 1969 wanda ya hana a karɓi fiye da kashi 25 cikin ɗari na samun iyali a matsayin haya, ma'aunin da aka ɗaga zuwa kashi 30 a 1981 kuma shi ne ake bi har yanzu. A 1972 aka fara rusa rukunin benaye na Pruitt-Igoe a birnin St. Louis da nakiya, alhali bai cika shekara ashirin da ginawa ba, hoton rusawar kuma ya zama hujja a bakin masu cewa gwamnati ba ta iya riƙon gida ba. Shugaba Richard Nixon ya dakatar da sababbin ayyukan gidaje a Janairun 1973, a 1974 kuma Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar da ta haifar da shirin da aka fi sani da Sashe na 8. Da wannan doka shawarar da dillalai suka kawo shekara arba'in baya ta zama manufar ƙasa, a 1998 kuma majalisa ta ƙarasa aikin ta hanyar hana a ƙara yawan gidajen gwamnati fiye da adadin da ake da shi a ƙarshen 1999.

Yadda Sashe na 8 yake aiki yana da sauƙin fahimta, kuma dukkan shirye-shiryen da birnin ya ƙirƙiro daga baya a kansa suka ɗora. Iyalin da suka cancanta sukan karɓi takardar tallafi, su nemi gida da kansu a hannun mai gida mai zaman kansa, jami'in hukuma ya zo ya duba ko gidan ya cika sharuɗɗan lafiya, sannan a ƙulla yarjejeniya. Idan, alal misali, samun iyalin dala 2,000 ne a wata, hayar kuma dala 2,200, su za su biya 600, hukuma ta aika wa mai gida 1,600 kai tsaye, muddin hayar ba ta haura iyakar da aka yanke wa yankin ba. Idan samunsu ya ragu, rabonsu ya ragu, wanda shi ne babban alherin tsarin. Naƙasunsa kuwa shi ne cewa majalisa ba ta taɓa mayar da shi haƙƙin duk wanda ya cancanta ba, kamar yadda ta yi da tallafin abinci, tana ware masa wani adadi ne kawai a kasafin kowace shekara, shi ya sa iyalai kimanin miliyan 2.3 ne suke da takardar a duk ƙasar, kuma a cikin kowane iyali huɗu da suka cancanci taimakon gidaje na tarayya, kusan guda ɗaya ne yake samu.

A daidai lokacin da tarayya take janye hannu daga gini, birnin Niyok yana asarar mafi arahar ɗakunansa. Gidajen da ake ba da hayar ɗaki ɗaɗɗaya ga gwauraye da tsofaffi, masu banɗaki na tarayya, an yi ta mayar da su gidajen masu hali, har aka rasa ɗakuna kimanin 100,000 a cikin 'yan shekaru gommai. Asibitocin masu taɓin hankali na jiha sun sallami dubban marasa lafiya ba tare da an tanadar musu masauki ba, birnin ya kusa tsiyacewa a 1975, gobara da watsi da gidaje kuma suka cinye unguwanni a kudancin Bronx. Sakamakon haka mutane suka fara kwana a tashoshin jirgin ƙasa da ƙofofin shaguna a adadin da ba a gani ba tun shekarun 1930.

A 1979 wani matashin lauya mai suna Robert Hayes ya shigar da ƙara a madadin maza marasa makwanci, babban mai ƙara a cikinsu shi ne Robert Callahan, wani mutum da ke kwana a titunan unguwar Bowery. Hujjar Hayes ita ce sashen nan na 1938, wanda ya shafe shekara arba'in ba a cika waiwayarsa ba. A watan Disambar 1979 alƙali ya ba da umarnin wucin gadi cewa a samar musu makwanci, a Agustan 1981 kuma birni da jiha suka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu wadda ta tabbatar da haƙƙin mafaka, har ta fayyace faɗin gado da tazarar da za a bari tsakanin gadaje. Callahan kansa bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a titi a 1980. Wasu ƙararraki sun faɗaɗa haƙƙin ya haɗa da mata a farkon shekarun 1980, sannan iyalai masu yara a 1986. Wannan haƙƙi na mafaka shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, domin a yawancin biranen Amurka idan mafaka ta cika sai a ce wa mutum babu wuri, amma a Niyok kowane iyalin da aka kora daga gida yakan zama nauyi a kan baitulmalin birni tun daga daren farko.

Da farko birnin ya sauke wannan nauyi ta hanya mafi muni kuma mafi tsada, wato ajiye iyalai a tsofaffin otal-otal irin su Martinique da ke tsakiyar Manhattan, inda uwa da 'ya'ya huɗu ko biyar sukan zauna a ɗaki guda babu kicin, tana dafa abinci a ɓoye a kan ƙaramin risho na lantarki, alhali hukuma tana biyan mai otal ninki-ninkin abin da ta yarda ta ba wannan uwar don ta kama haya. Marubuci Jonathan Kozol ya bayyana rayuwar otal ɗin a wani littafi da ya fito a 1988. Rashin dacewar lissafin ya kai ga wata ƙara ta daban, wadda aka shigar a 1987 da sunan Barbara Jiggetts, wata uwa da ke fuskantar kora saboda kason haya da ke cikin kuɗin agajin jiha ya gaza biyan hayarta. Kotun ƙoli ta jihar ta yanke a 1990 cewa wajibi ne kason ya yi daidai da ainihin tsadar gidaje, kuma yayin da shari'ar take jan ƙafa shekara da shekaru, dubban iyalai suka riƙa samun ƙarin kuɗi bisa umarnin kotu. Daga wannan ƙari ne aka samar da shirin hana korar iyalai a 2005, wanda aka ƙara masa kuɗi a 2017 bayan wata sabuwar ƙara. Shi kuwa kason na asali ya tsaya cik: dala 400 a wata ga iyali mai mutum uku tun 2003, dala 215 ga mutum guda, kuɗin da ba zai kama ko da ɗaki ɗaya ba a ko'ina cikin birnin.

Zamanin magajin gari Michael Bloomberg, daga 2002 zuwa 2013, shi ne ya fi koyar da darasi, kuma darasin mai ɗaci ne. Gwamnatinsa ta yi imanin cewa fifikon da ake ba mazauna mafaka wajen samun Sashe na 8 da gidajen gwamnati yana jawo mutane su shiga mafaka da gangan, saboda haka ta soke fifikon, ta maye gurbinsa da tallafi na ɗan lokaci. Na farko, wanda aka fara a ƙarshen 2004, yana raguwa da kashi 20 cikin ɗari kowace shekara, kuma an ɗaure shi da zama a kan agajin jiha, ta yadda uwar da ta samu aiki takan rasa hayarta. Na biyu, mai suna Advantage, wanda aka fara a 2007, yana biyan haya na shekara ɗaya ko biyu bisa zaton cewa kafin nan iyalin sun tsaya da ƙafafunsu. Zaton bai tabbata ba, domin albashin mai gadi ko mai kula da tsofaffi ba ya ninkawa cikin shekara biyu, kuma iyalai da yawa sun koma mafaka da zarar tallafin ya yanke. A 2011 jiha ta janye kasonta, birni ya rufe shirin baki ɗaya ba tare da wani madadi ba, yawan mazauna mafaka kuma ya tashi daga kimanin 37,000 zuwa fiye da 50,000 cikin shekara biyu. Adalci ne a ambaci cewa wannan gwamnati ce ta kafa ofisoshin Homebase a unguwanni a 2004, inda iyalin da ke dab da kora sukan samu sulhu da mai gida da ɗan taimakon bashin haya, kuma binciken da aka yi a kansu ya nuna sun rage kwanakin da iyalai suke yi a mafaka. Amma game da tallafi mai gajeren wa'adi, wani babban bincike da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta gudanar a yankuna goma sha biyu, wanda sakamakonsa ya fito a 2015 da 2016, ya tabbatar da abin da iyalan suka riga suka sani a jikinsu, cewa tallafi mai ɗorewa shi ne ya fi hana komawa mafaka nesa ba kusa ba.

Bill de Blasio ya hau kujerar magajin gari a Janairun 2014, ya dawo da tallafin birni a ƙarƙashin sunaye iri-iri masu sharuɗɗa mabambanta, har suka rikita masu gidaje da ma'aikatan jin daɗin jama'a kansu, sai aka haɗe su wuri guda a Oktoban 2018 da sunan CityFHEPS. Shirin ya ɗauki ma'aunin kashi 30, ya tanadi sabuntawa har shekara biyar da damar ƙari bayan haka, ya kuma taƙaita ga iyalan da samunsu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba. Matsalarsa ta farko ita ce ƙarancin kuɗi: takardar gida mai ɗakin kwana biyu ba ta wuce dala 1,580, saboda haka mutum yakan yi watanni yana yawo da ita a jaka bai samu mai gidan da zai karɓa ba, har sai da majalisar birni ta ɗaga ta zuwa matakin Sashe na 8 a 2021, ta koma dala 2,217. Matsala ta biyu ita ce ƙyamar masu gidaje. Tun 2008 doka ta haramta ƙin ɗan haya saboda da tallafi zai biya, amma dillali yakan daina amsa waya da zarar ya ji an ambaci takarda, ko ya ƙirƙiro sharaɗin albashin da ya san mai nema ba zai cika ba, wasu masu gidajen kuma suna kafa hujja da jinkirin hukuma wajen duba gida da fara biya, wanda ƙorafi ne mai ƙamshin gaskiya.

Kotun gidaje, wadda aka kafa a 1973, ita ce mashigar da kusan duk kora take bi, kuma reshenta da ke titin Grand Concourse a Bronx, gundumar da ta fi kowace yawan ƙararrakin kora, kuma inda al'ummar Afirka ta Yamma suke da yawa, har da Hausawan Gana da Nijar, ya daɗe yana cika tun da sassafe. Yawancin shari'o'in ba sa kaiwa gaban alƙali don sauraro. Lauyan mai gida yakan fito baranda riƙe da tarin fayiloli yana kiran sunaye, ya tsaya da ɗan haya a jikin bango ya miƙa masa takardar sulhu wadda ta ƙunshi alkawarin biyan bashi cikin 'yan makonni, shi kuma ya sa hannu saboda tsoro, sau da yawa bai san cewa yana da hujjar kare kansa ba, kamar rashin ɗumama gida a lokacin hunturu. A 2013 kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na 'yan haya suke da lauya, alhali masu gidaje kusan dukkansu suna da shi, kuma a wannan shekara mashal-mashal sun fitar da iyalai kusan 29,000. A Agustan 2017 Niyok ta zama birni na farko a Amurka da ya ba talakan ɗan haya haƙƙin lauya kyauta, zuwa 2019 adadin korar ya sauko zuwa kimanin 17,000, kuma rahotannin birnin sun nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka samu lauya sun ci gaba da zama a gidajensu. Babban aikin lauyan sau da yawa shi ne samo lokaci, domin a nemo wa ɗan hayar agajin biyan bashi na sau ɗaya daga hukumar jin daɗin jama'a, ko a kammala masa takardun tallafi kafin wa'adin kotu ya cika.

Annobar korona ta kawo mataki mafi girma kuma mafi gajarta a wannan tarihi. Jihar ta dakatar da kora daga Maris na 2020 har 15 ga Janairun 2022, majalisar tarayya kuma ta ware dala biliyan 46.5 domin biyan bashin haya a faɗin ƙasar, kuɗin da Niyok ta fara karɓar buƙatunsa a Yunin 2021, ta yi jinkirin rabawa, buƙatun kuma suka zarce kuɗin cikin 'yan watanni.

Rikicin da ya biyo baya ya koma kan tambayar wa ya cancanta. Ƙa'idar CityFHEPS ta buƙaci yawancin iyalai su fara yin kwana 90 a mafaka kafin a ba su takarda, wanda ke nufin sai mutum ya rasa gidansa tukuna a taimake shi ya nemi wani. Magajin gari Eric Adams ya soke wannan sharaɗi a Yunin 2023, amma ya hau kujerar na-ƙi a kan dokokin da majalisar birni ta yi domin shigar da waɗanda suke fuskantar kora tun suna cikin gidajensu, yana kafa hujja da tsadar shirin da kuma cewa ƙarin takardu zai sa masu riƙe da su gasa a kan ɗakuna kaɗan. Majalisa ta tsallake ƙin nasa a Yuli, shi kuma ya ƙi aiwatarwa, maganar ta tafi kotu. Hujjar majalisa ta fi ƙarfi ta fuskar jinƙai da ta lissafi, domin riƙe iyali a gidan da suke ciki ya fi sauƙi a kan nemo musu sabo, ga yara ba su bar makarantarsu ba. Duk da haka fargabar da Catherine Bauer da abokanta suka bayyana a shekarun 1930 tana nan daram, domin ƙididdigar birnin ta 2023 ta nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari ne kawai na gidajen haya suke a buɗe, mafi ƙaranci tun 1968, a cikin masu araha kuwa adadin bai kai kashi ɗaya ba. A Yunin 2024 hukumar gidaje ta buɗe rajistar Sashe na 8 na mako guda, bayan ta shafe kusan shekara goma sha biyar a rufe, iyalai fiye da 630,000 suka cike takarda, aka jefa ƙuri'a aka zaɓi 200,000 domin a sa su a jerin masu jira.